Masu fasa kwaɗo da izini: sana'ar binciken tsaron saƙonnin kwantum, da hanyar shigarta daga Briqueterie

Daga ranar 10 zuwa 12 ga watan Yulin 2024, birnin Duwala ya karɓi baƙuncin Africacrypt, taron masana ilimin kulle saƙo da ake gudanarwa a nahiyar Afirka tun shekarar 2008. Taron bai yi amo ba, kuma da wuya a ce an yi hirarsa a majalisun shayi na unguwar Briqueterie da ke Yawunde. Sai dai abin da aka tattauna a can ya shafi duk ɗan kasuwar da ke karɓar kuɗin shadda ko atamfa ta MTN MoMo ko Orange Money, da duk wanda ke da ajiya a banki. A wani mataki na tafiyar waɗannan kuɗi, akwai kwaɗon lissafi da ke tsare da bayanan, kuma masana sun daɗe da sanin cewa wasu daga cikin waɗannan kwaɗuna suna da wa'adi.

Wa'adin ya samo asali ne daga shekarar 1994, lokacin da wani masanin lissafi Ba'amurke, Peter Shor, ya nuna cewa kwamfuta mai aiki da dokokin kwantum, wato dokokin da ke tafiyar da ƙananan halittu irin su ƙwayar zarra da ƙwayar haske, za ta iya warware lissafin da tsarin RSA ya dogara a kansa. RSA ya ginu ne a kan abu ɗaya: ninka manyan lambobi biyu abu ne mai sauƙi, amma idan aka ba mutum sakamakon aka ce ya gano lambobin na asali, kwamfutocin yau za su ƙare rayuwarsu ba su gama ba. Kwamfutar kwantum mai girman da za ta yi wannan aiki ba ta samu ba tukuna. Duk da haka babu abin da zai hana wani ya kwafi saƙonnin da aka kulle yau ya ajiye, ya jira ranar da mabuɗin zai zo.

Duniya ta fito da amsoshi biyu, kuma mutane kan cakuɗa su. Ta farko ita ce a sauya lissafin da wani sabo wanda ko kwamfutar kwantum ba za ta iya warwarewa ba. Ta biyu kuwa ita ce a bar dogaro da lissafi mai wuya, a yi amfani da ƙwayoyin haske wajen raba mabuɗin sirri tsakanin mutum biyu. Wannan ta biyun ita ake kira raba mabuɗi ta kwantum, QKD a taƙaice. A dukkan ɓangarorin akwai wata sana'a da ba a cika jin labarinta ba: mutanen da ake biya domin su yi ƙoƙarin fasa kwaɗon kafin ɓarawo ya fasa.

Yadda haske ke raba mabuɗi

Charles Bennett na kamfanin IBM da Gilles Brassard na Jami'ar Montreal ne suka gabatar da dabarar a 1984, a wani taro a birnin Bangalore na Indiya, shi ya sa ake kiranta BB84. Mai aikawa yana tura ƙwayoyin haske ɗaya bayan ɗaya ta cikin zaren gilashi. Kowace ƙwaya tana ɗauke da lamba 0 ko 1, an rubuta ta da ɗaya daga cikin ma'aunai biyu: ko dai na tsaye da kwance, ko kuma na karkace. Mai karɓa bai san wanne aka yi amfani da shi ba, don haka yana zaɓar ma'auni da ka. Idan ya dace, ya karanta daidai. Idan bai dace ba, abin da zai samu kamar jefa kwabo ne sama. Bayan an gama, su biyun suna sanar da juna a fili irin ma'aunin da kowa ya ɗauka, ba tare da faɗin lambobin ba, sai su zubar da wuraren da suka saɓa. Abin da ya rage shi ne mabuɗin.

Mai laɓe fa? A nan dokar kwantum ke shigowa. Ba a iya kwafar ƙwayar haske da ba a san halinta ba, kuma auna ta da ma'aunin da bai dace ba yana sauya ta. Idan mai laɓe ya tare kowace ƙwaya ya auna sannan ya tura madadinta, zai yi kuskuren ma'auni a rabin lokuta, kuma a rabin waɗannan mai karɓa zai samu lambar da ba ita ba. Ke nan kashi 25 cikin 100 na mabuɗin zai lalace. Masu saƙon suna kwatanta wani yanki kaɗan. Idan kuskure ya haura kusan kashi 11 cikin 100, sai su jefar da mabuɗin gaba ɗaya su sake. An tabbatar da ingancin wannan tsari da hujjar lissafi, kuma hujjar ba ta damu da ƙarfin kwamfutar da ɓarawo ke da ita ba.

Takarda daban, ƙarfe daban

To amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Hujjar lissafi tana magana ne a kan na'urar da ba ta da aibi, alhali na'urar da ke cikin akwati an haɗa ta ne da leza da waya da madubi da ƙarfe, kuma kowannensu yana da halinsa. Tun gwajin farko a 1989, lokacin da Bennett da abokan aikinsa suka tura haske tsawon santimita 32 kacal, matsalar ta nuna kanta. Brassard ya sha ba da labarin cewa na'urar ba da wuta tana yin ƙara iri daban-daban gwargwadon yadda aka juya hasken, ta yadda mai kunne zai iya sanin sirrin daga sauti kawai. An tsare ƙofa, taga tana buɗe.

Misalin da ya fi shahara ya zo a 2010. A lokacin kamfanoni sun fara sayar da na'urorin, har ma a 2007 an yi amfani da ta kamfanin ID Quantique wajen tsare sakamakon zaɓe a Janeba ta ƙasar Suwizalan. Wasu masu bincike a jami'ar kimiyya da fasaha ta Trondheim a Norwe, cikinsu har da Lars Lydersen da Vadim Makarov, tare da abokan aikinsu na Erlangen a Jamus, suka ɗauki na'urorin ID Quantique da na MagiQ suka zuba wa idon na'urar ido.

Idon, wato ɓangaren da ke gane isowar haske, an ƙera shi ne yadda ƙwaya ɗaya tak za ta motsa shi. Masu binciken suka haska masa leza mai ƙarfi ba ƙaƙƙautawa. Kamar mutumin da aka dalle wa tocila cikin dare, idon ya daina ganin ƙaramin haske, sai babba kawai. Daga nan mai laɓe ya zama shi ke tuƙa na'urar. Yana tare ƙwayar, ya auna, sannan ya tura wa mai karɓa walƙiya mai wani ƙarfi da aka ƙididdige. Idan ma'aunin mai karɓa ya zo daidai da nasa, duk walƙiyar tana faɗawa ido ɗaya, ya motsa. Idan ya saɓa, walƙiyar tana rabuwa biyu, babu rabin da ya isa ya motsa komai, sai mai karɓa ya ɗauka ƙwayar ta ɓace a hanya, abin da dama yake faruwa kullum. Sakamakon shi ne mai laɓe ya san mabuɗin duka, kuma babu kuskuren da zai tona masa asiri. An buga aikin a mujallar Nature Photonics, bayan an sanar da kamfanonin domin su gyara. A shekara ta gaba aka buga rahoton irin wannan kutse da aka yi a kan layi na gaske a harabar Jami'ar Ƙasa ta Singafo, da kayan aikin da suka shiga cikin akwatin tafiya.

Ba a karya dokar kwantum ba. Bango ne ya tsage, ƙadangare ya samu wurin shiga. Daga baya an gano wasu tsagogin: a cusa haske cikin na'urar mai aikawa a karanta abin da ya dawo, ko a ƙona wani ɓangare da leza har halinsa ya sauya, ko a ci gajiyar lokutan da leza ta saki ƙwaya biyu maimakon ɗaya. Kowane kutse kuma yakan haifi gyara. A 2012 Hoi-Kwong Lo na Jami'ar Toronto da Marcos Curty da Bing Qi suka fito da wani tsari wanda ko da idon na'urar yana hannun abokin gaba, sirrin ba zai fita ba.

Wannan kai-komo shi ne aikin. Mai binciken da ke ɗakin gwaji yana wuni ne da zaren gilashi da na'urar auna sigina, yana buɗe akwatin da wani ya ƙera, yana tambayar abin da zai faru idan aka ba shi haske fiye da kima, ko zafi, ko launin da ba a tsara shi dominsa ba. Yana iya shafe watanni bai samu komai ba. Akwai kuma wanda ba ya taɓa na'ura, aikinsa allo da alli ne: ya ɗauki aibin da aka gano ya shigar da shi cikin hujjar lissafi, ya faɗi yawan mabuɗin da za a iya amincewa da shi duk da aibin. A 'yan shekarun nan wani rukuni ya ƙaru, na masu tantancewa da ba da takardar shaida, musamman tun da aka fitar da ƙa'idar ISO/IEC 23837 a 2023 kan yadda ake gwada tsaron waɗannan na'urori, kuma ƙasashe 27 na Tarayyar Turai suka shiga shirin EuroQCI na shimfiɗa layukan kwantum.

Me ya sa wasu hukumomi ke ɗari-ɗari

Afirka ba baƙuwa ba ce a wannan fage. A lokacin gasar cin kofin duniya ta 2010, tawagar Francesco Petruccione ta Jami'ar KwaZulu-Natal ta haɗa filin wasa na Moses Mabhida da cibiyar kula da tsaro ta birnin Durban da layin kwantum. A Maris ɗin 2025 kuma mujallar Nature ta buga aikin da ya raba mabuɗi tsakanin Stellenbosch a Afirka ta Kudu da ƙasar Sin, tazarar kilomita 12,900, ta hanyar ƙaramin tauraron ɗan'adam mai suna Jinan-1. Yaseera Ismail ce ta jagoranci ɓangaren Afirka ta Kudu.

Duk da haka, matashin da ke tunanin shiga wannan layi ya kamata ya san cewa ba kowa ya gamsu ba. A Janairun 2024 hukumar tsaron bayanai ta Faransa, ANSSI, tare da takwarorinta na Jamus da Holan da Suwidin, sun fitar da matsaya ɗaya cewa fasahar ba ta nuna ba tukuna, kuma sabon lissafi ya kamata a sa a gaba. Dalilansu ba na wasa ba ne. Na'urorin suna da tsada, suna buƙatar layi na musamman, kuma ba sa tabbatar da ko wane ne ke ɗaya ƙarshen. Wannan sai an koma wa lissafi.

Sannan ga matsalar nisa, wadda za a iya ƙididdigewa da hanyar da kowa ya sani. Zaren gilashi mai kyau yana cinye rabin hasken da ke cikinsa a duk kilomita 15. A kilomita 100, kashi ɗaya cikin 100 ne ke isa. Tsakanin Yawunde da Duwala, kusan kilomita 240 a mota, ƙwaya ɗaya ce za ta tsira daga cikin sama da 60,000. A sadarwa ta yau da kullum ana sa na'urar ƙara ƙarfi a hanya, amma a nan ba dama, tunda ƙara ƙarfi kwafa ne, kuma kwafa ita ce abin da dokar ta hana. Layin da Sin ta buɗe a 2017 tsakanin Beijin da Shanghai, mai tsawon kilomita 2,000, ya tsallake matsalar ne da tashoshi 32 a hanya, inda mabuɗin ke zama a buɗe a kowace tasha. Ke nan an koma dogaro da mai gadi da katanga. Wayar SAIL da ta haɗa Kribi da Fortaleza ta Barazil a ƙarƙashin teku, kusan kilomita 6,000, ba a ma maganarta.

Ƙofar da ta fi kusa da ɗan Kamaru

Wannan ne ya sa ɗaya ɓangaren, na sabon lissafi, ya fi zama hanyar da ke buɗe ga wanda ke zaune a Yawunde. Ba ya buƙatar leza ko ɗakin gwaji na miliyoyi. Kwamfutar cinya da lissafi mai zurfi sun isa, kuma tarihi na kusa ya nuna haka.

A 2016 hukumar ƙa'idoji ta Amurka, NIST, ta buɗe gasar zaɓen sabbin kwaɗuna, ta gayyaci duniya ta fasa su. A Fabrairun 2022 Ward Beullens ya karya ɗaya daga cikin waɗanda suka kai zagayen ƙarshe, mai suna Rainbow, cikin kwana biyu da 'yan sa'o'i a kwamfutar cinya. A Yulin wannan shekara Wouter Castryck da Thomas Decru na Jami'ar Leuven a Beljiyam suka rusa wani mai suna SIKE cikin kusan sa'a ɗaya a kwamfuta ta gama-gari, da taimakon wata ƙa'idar lissafi ta shekarun 1990 da ba a yi zaton tana da alaƙa da batun ba. Da ba su yi ba, da wataƙila an ɗora wannan kwaɗo a kan wayoyi da bankuna. NIST ta fitar da ƙa'idojinta uku na farko a Agustan 2024.

Akwai 'yan Kamaru a tsakiyar wannan fafatawa. Tako Boris Fouotsa, wanda ya yi digirin digirgir a jami'ar Roma Tre ta Italiya kafin ya wuce EPFL a Lozan, yana aiki ne a kan irin lissafin da SIKE ya dogara a kansa. Bayan rushewar, shi da Tomoki Moriya da Christophe Petit suka gabatar da wata hanyar toshe ɓarakar a taron Eurocrypt na 2023 a Liyon. Kafin shekarar ta ƙare wasu sun nuna yadda za a fasa wasu nau'o'in gyaran. A wannan sana'a ba abin kunya ba ne; haka ake gane iyakar abin da za a amince da shi. Hervé Talé Kalachi kuwa ya kammala nasa digirin a 2017 a tsarin haɗin gwiwa tsakanin Jami'ar Yawunde I da ta Rouen a Faransa, inda ya nuna raunin wasu kwaɗuna da aka gina a kan lissafin gyaran kuskure, kuma ya ci gaba da bincike daga makarantar Polytechnique ta Yawunde. Daga wannan dangin lissafi ne HQC ya fito, tsarin da NIST ta ƙara zaɓa a Maris ɗin 2025.

Daga La Brique zuwa ɗakin bincike

Iyaye da yawa a unguwar, idan yaro ya nuna kaifin ƙwaƙwalwa, tunaninsu likitanci ne ko ENAM, in ba haka ba ya kama shago. Ba laifinsu ba ne, abin da ido ya gani shi ake nema. Amma hanyar bincike ba ta fara daga Turai ba, tana farawa ne daga ajin Terminale C, ko lissafi da fizik a GCE ga masu karatun Turanci. Daga nan akwai Tsangayar Kimiyya ta Jami'ar Yawunde I a Ngoa-Ekellé, inda kuɗin rajista na lisans jaka hamsin ne a shekara, ko jarrabawar shiga Polytechnique a Melen, ko SUP'PTIC ga mai son ɓangaren sadarwa. Mai son ɓangaren lissafi zai riƙe aljabara da ilimin lambobi da ilimin yiwuwa da hannu biyu. Mai son na'ura zai bi fizik, musamman ilimin haske da lantarki. A Jami'ar Duwala akwai cibiyar CEPAMOQ da ta ƙware a fizik na zarra da hasken kwantum. Dukkansu sai sun iya rubuta manhaja.

Bayan mastar ta farko, gada mafi sananniya ita ce AIMS da ke Limbe, wadda aka buɗe a 2013, tana ba da karatun mastar na kusan shekara guda kyauta har da abinci da makwanci, ga maza da mata daga duk faɗin nahiyar. Cibiyar ICTP ta Trieste a Italiya, wadda Abdus Salam ya kafa a 1964, ita ma tana da shirin shekara ɗaya ga ɗaliban ƙasashe masu tasowa. A duka biyun da Turanci ake karatu, kuma kusan duk takardun wannan fanni da Turanci ake buga su. Ɗan Briqueterie da ya tashi da Hausa da Faransanci, wataƙila har da Fulatanci da Larabcin makarantar allo, ba baƙon koyon harshe ba ne, amma wannan ɗin sai ya fara shi da wuri. Abin sauƙin shi ne takardun suna nan kyauta a rumbunan arXiv da IACR ePrint, kuɗin data kawai suke ci.

Digirin digirgir shekara uku ne a tsari, yakan kai huɗu. A Faransa mafi ƙarancin albashin ɗalibin da ke da kwantiragin bincike ya kai Yuro 2,200 a wata a 2025 kafin a cire haraji da sauran kuɗaɗe, wato sama da sefa miliyan ɗaya da dubu 400. A kunnen mutumin Yawunde kuɗi ne masu yawa, amma haya a Paris ko Grenoble tana rage musu kwarjini. Bayansa kuma sai kwantiragin shekara biyu-biyu daga wannan ƙasa zuwa waccan kafin a samu kujera ta dindindin, abin da ke da nauyi ga wanda iyaye ke jiran ya yi aure ya riƙe ƙanne.

A gida, wuraren da za su buƙaci wannan ilimi suna nan ko da ba su da na'urar kwantum ko ɗaya. Dokar ranar 21 ga Disamban 2010 kan tsaron intanet ta ɗora wa hukumar ANTIC alhakin binciken tsaron tsarin sadarwa da kula da takardun shaidar sa hannu na lantarki, kuma irin waɗannan takardu suna cikin abubuwan da dabarar Shor za ta taɓa kai tsaye. Babban bankin BEAC, wanda ke hidima ga ƙasashe shida na CEMAC, hedikwatarsa a Yawunde take. Ga Camtel, ga kamfanonin waya, ga bankuna. Kowannensu zai wayi gari yana buƙatar wanda zai lissafa inda tsohon kwaɗo yake a tsarinsa, ya sauya shi, ya kuma gwada ko sabon an ɗora shi daidai.

Ga mai neman ɓangaren na'ura kuwa, akwai wani shinge da ba a cika faɗa wa ɗalibai ba sai sun ci karo da shi. Ƙasashe da dama suna kallon fasahar kwantum a matsayin sha'anin tsaron ƙasa. A Faransa ɗakunan bincike da yawa na wannan fanni suna cikin wuraren da ake kira ZRR, inda sai jami'in tsaro na ma'aikata ya amince kafin mutum ya fara aiki, ko da farfesa ya riga ya karɓe shi. A Birtaniya ana neman takardar ATAS kafin biza. Amsar takan ɗauki makonni, wani lokaci watanni biyu, kuma ana iya ƙi ba tare da an faɗi dalili ba. Ɗaliban da suka san da haka sukan nemi gurbi a wurare biyu ko uku a lokaci guda, su kuma haɗa takardunsu tun kafin su kare kundin mastar.